Darasi na Tara: Hitar Tsohuwar Jif, Bin Sawun Zafi Daga Inji Zuwa Ɗakin Direba

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana inda hitar mota take samo zafinta;
2. gano inda matsala take ta hanyar taɓa tiyo da tafin hannu;
3. yin ƙananan gyare-gyare da kansa, ya kuma san wanda ya fi ƙarfinsa;
4. kauce wa ƙuna da hayaƙi mai kisa a lokacin aiki da lokacin tafiya.

Shimfiɗa

Duk direban da ya taɓa tashi daga Jos da asubahin watan Janairu, ko ya hau tsaunin Mambila ya nufi Gembu, ko ya kwana a rairayin da ke tsakanin Agadas da Bilma, ba sai an gaya masa cewa ƙasar zafi ma tana da nata sanyin ba. Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, Mambila ta fi ta tsawo, a Sahara kuwa daren hunturu yakan kusanci sifiri a ma'aunin zafi. Motocin da suka fi ratsa miyagun hanyoyin waɗannan wurare tsofaffin jif ne: Land Rover, wadda kakanninmu suka raɗa wa Landiroba, da Toyota Land Cruiser. Ƙarfi dai akwai shi. Amma ka murɗa hita, sai ka ji wata 'yar iska mai ɗumi-ɗumi kamar numfashin ɗan akuya. Direba ya ƙudundune cikin bargo, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana goge raɓar gilashi da hular sanyi.

Da yawa sun ɗauka haka aka halicci waɗannan motoci. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Lokacin da Land Rover ta fito a Ingila a 1948, motar gona ce, kuma shekaru da dama hita ƙari ce da mai saye ke biya daban idan yana so. Wasu jif ɗin da aka ƙera domin ƙasashen zafi ma ba a sa musu ita ba tun asali. Sai dai a motar da take da hita, yawancin raunin ba na haihuwa ba ne. Tsufa ne, da tsatsa, da ƙura, da kuma hannun masu gyaran da suka gabata.

Kalmomin darasi

- Lagireto: babban ma'ajin ruwa mai ƙananan bututu da ke gaban inji, inda iska ke sanyaya ruwan.
- Ƙaramin lagireto: irinsa ne, amma bai wuce girman littafi mai kauri ba, yana cikin akwatin hita.
- Tamostat: 'yar ƙofa mai buɗe kanta idan ruwan inji ya yi zafi.
- Tiyon hita: ƙananan tiyo biyu, ɗaya mai kai ruwa ƙaramin lagireto, ɗaya mai dawo da shi.
- Bawul: famfon da ke buɗe wa ruwa hanya ko ya rufe.
- Sulo: aikin inji a tsaye, ba a taka totur ba.

1. Hita aro take yi

Abu na farko da za a riƙe shi ne: hitar mota ba ta da wutar kanta. Ba kamar rishon girki ba ce ko dutsen guga. Zafin inji take ara.

Man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke juya tayoyi. Kusan kashi ɗaya yana fita ta salansa, sauran kuma ruwan da ke zagaya inji ne ke kwashe shi ya kai lagireto, iska ta tafi da shi. Hita ɗiban wani abu take yi daga wannan zafin da za a zubar. Famfon ruwa yana tura ruwan zafi ta tiyo zuwa ƙaramin lagireto, fanka ta hura iska ta cikinsa, iskar ta ɗauki zafi ta shiga ɗakin direba.

Ke nan zafi yana yada zango biyar kafin ya iso ƙafarka: inji, ruwa, ƙaramin lagireto, iska, sai ɗaki. Idan bai iso ba, a ɗaya daga cikinsu ya maƙale. Aikin mai gyara shi ne ya bi sawunsa zango-zango, kamar mai neman ɓatacciyar saniya, ya fara da abin da dubawarsa ba ta cin kuɗi. Wanda ya fara da sayen sabuwar hita kafin ya taɓa tiyo yana iya kashe kuɗinsa ya koma gida da sanyinsa.

Masu motar dizal su lura da wani abu. Injin dizal ya fi na fetur tattalin mai, saboda haka zafin da yake zubarwa bai kai na fetur ba, musamman a sulo. Injin 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4.2, ko Tdi na Land Rover, yana iya daɗewa a tsaye da sanyin safiya bai yi zafin kirki ba. Tafiya ce ke ɗumama shi. Kada a yanke wa hita hukunci sai an yi tuƙin minti 15 ko 20.

2. Tambayi tiyo

Ga misalin yadda wani maigidan gareji ya koya wa yaronsa wannan aiki, bayan sun zagaya da motar sun dawo.

"Oga, in kwance dashbod ɗin ne?"

"Ajiye sifanar nan tukuna. Kashe injin, buɗe bonet. Ka ga ƙananan tiyo biyun can da suka nufi bangon ɗakin direba? Taɓa na farko, a hankali."

"Kai! Wannan da zafi, Oga. Ba ya riƙuwa."

"Na biyun fa?"

"Wannan sanyi ƙalau."

"To me suka gaya maka?"

"Ruwa ya shiga, bai fito ba."

"Madalla. Ka ga ba mu kwance ko noti ɗaya ba, mun san unguwar da ɓarawon yake."

Amsoshin da tiyo ke bayarwa ba su da yawa. A haddace su:

- Duka biyun da zafi, na dawowa ya ɗan fi sauƙi, amma iska ba zafi: ruwa lafiya yake. Matsalar tana ɓangaren iska.
- Ɗaya zafi, ɗaya sanyi: ƙaramin lagireto ya toshe, ko bawul bai buɗe ba, ko iska ta tare hanya.
- Duka biyun ɗumi-ɗumi, allurar agogon zafi tana ƙasa: injin ne bai kai zafinsa ba. A zargi tamostat.
- Duka biyun sanyi alhali inji ya yi zafi: ruwa ya yi ƙasa, ko famfon ruwa ya gaji, ko bawul a rufe yake.
- Zafi na zuwa idan an taka totur, ya ɓace a sulo: ƙarancin ruwa, ko iska a cikin bututu, ko fukafukan famfon ruwa sun cinye.

Akwai amsa ta shida da ake yawan gamuwa da ita a garejojinmu: ka duba ka tarar an cire tiyo biyun daga hita an haɗa su da juna da guntun bututu. Wani ne ya taɓa ganin ƙaramin lagireto yana yoyo, ya zagaye shi. Kafin a mayar da tiyon, a gwada ƙaramin lagireton, don ruwa ba ya tsami banza.

3. Tamostat: wanda ake kora ba da laifinsa ba

Tamostat yana zaune a inda babban tiyo ya haɗu da inji. A cikinsa akwai ɗan kaki irin na kyandir. Idan inji da sanyi, ƙofar a rufe take, ruwa yana zagaya inji da hita kawai, don haka yana saurin zafi. Da ruwan ya kai adadin da aka tsara, kakin ya narke ya kumbura, ya tura ƙofar, ruwa ya wuce lagireto. Adadin a rubuce yake a jikinsa da ma'aunin Salsiyas. Tsohon injin Land Rover mai lita 2.25 ana samun nasa na digiri 74 da na digiri 82, injin Tdi kuwa na digiri 88 ne.

Al'ada ce da ta yaɗu a wurinmu, da mota ta iso daga Kwatano ko tashar jirgin ruwan Legas, a cire tamostat a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Wannan kuskure ne mai tsada. Injin da ba shi da tamostat yakan yini bai kai zafin aikinsa ba a lokacin sanyi. Yana shan mai fiye da ƙa'ida, yana hayaƙi, baƙin mai yana saurin lalacewa, silinda tana saurin cinyewa. A wasu injuna ma tamostat ne ke toshe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe. In babu shi, wani ruwan sai ya riƙa kewayawa cikin inji bai je lagireto ba. Idan mota tana tafasa, laifin yawanci na toshewar lagireto ne, ko fanka, ko fambel, ko murfin lagireto. Cire tamostat ɓoye ciwo ne, ba magani ba.

Gwajinsa iri biyu ne. Na farko, da safe ka tayar da inji ka ɗora hannu a babban tiyon sama, nesa da fanka. Idan tamostat na aiki, tiyon zai zauna da sanyi na wasu mintoci, sannan zafi ya zo masa kusan lokaci guda. Idan tun farko yake ɗumama kaɗan-kaɗan, ƙofar a buɗe ta maƙale ko babu ita sam. Na biyu, ka ciro shi, ka ɗaure da zare, ka rataya cikin tukunyar ruwa a kan wuta ba tare da ya taɓa gindinta ba. Ya kamata ya fara buɗewa daf da lambar da ke jikinsa, ya rufe ruf idan ya huce. Wanda ka ciro da sanyi ka gan shi a buɗe, ya mutu.

Wajen sa sabo, ɓangaren da ke da sifirin shi ke fuskantar inji. Idan akwai ɗan rami mai 'yar ƙusa a gefensa, ya kalli sama, don ta nan iska ke kuɓucewa. A sa sabon gasket, a sayi lambar da aka tsara wa injin.

A duba fankar inji ma. Wasu jif suna da fanka mai kulocin mai a tsakiya, wadda ke kama juyi sosai sai inji ya yi zafi. Idan kulocin ya ƙame, fankar za ta yi ta ruri tun safe tana sanyaya injin da bai buƙata ba.

4. Ruwa da iskar da ta ɓuya

A motoci da yawa hita tana daga cikin wuraren da suka fi tudu a hanyar ruwa. Saboda haka ita ce ta farko da ke rasa ruwa idan ya ragu. Hitar da take aiki jiya, yau ta huce farat ɗaya ana cikin tafiya, gargaɗi take yi. A tsaya a duba. Masu Land Rover mai injin 300Tdi, wanda ya fito a 1994, su fi kowa kula: famfon ruwansa yana can sama a jikin inji, ruwa na raguwa kaɗan sai ya daina zagayawa, kuma allurar agogo ba lalle ta nuna da wuri ba.

Iska kuwa takan shiga duk lokacin da aka zubar da ruwa aka sake cikawa. Takan taru a ƙaramin lagireto ta hana ruwa wucewa, wani lokaci har ka ji ƙulu-ƙulu a bayan dashbod. Ga yadda ake fitar da ita:

1. Inji da sanyi, a ajiye motar gabanta na kallon tudu.
2. A kai maɓallin hita ƙarshen zafi.
3. A buɗe murfi, a zuba ruwa a hankali, ana matsa manyan tiyo da hannu.
4. Idan injin yana da matosan fitar da iska, a sassauta su har ruwa zalla ya fito. A 300Tdi akwai ɗaya a saman lagireto, ɗaya a gidan tamostat. Na roba ne, sukan gantsare da tsufa, shi ya sa da yawa ke musanya su da na tagulla.
5. A tayar da inji a bar shi a sulo har tamostat ya buɗe, ana ciko idan ruwan ya sauka.
6. A rufe, a yi 'yar tafiya, a sake dubawa bayan ya huce.

Idan an fitar da iska yau, jibi ta dawo, ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, kumfa tana tasowa a bakin lagireto, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gasket ɗin tof silinda ne ake zargi. Wannan ya wuce aikin hita. A kai wa gwani tun kafin inji ya buga.

Wane ruwa ake zubawa? Ruwan rijiya da na burtsatse sukan ɗauko gishirin ƙasa. Farin ɓawon da kake gani a gindin butar mai shayi, shi ne ke taruwa a bututun ƙaramin lagireto, waɗanda ba su fi tsinken tsintsiya faɗi sosai ba. Ruwan lagireto na kanti, mai launin kore ko ja, ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. Rabi da rabi da ruwa yana hana daskarewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, abin da ba mu cika buƙata ba. Amma yana ɗauke da maganin tsatsa, yana kuma ɗaga matakin tafasa, waɗannan kuwa muna buƙatarsu kullum. A gauraya shi da tataccen ruwa, irin marar asid ɗin da ake ƙara wa batir. Kada a haɗa iri biyu daban-daban. A sani kuma guba ne mai ɗanɗanon zaƙi: a nisanta shi da yara da dabbobi, kada a zubar da tsohonsa inda awaki ke sha.

5. Bawul da ƙaramin lagireto

Jif ba duka tsarinsu ɗaya ba. A Land Rover Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, da tsofaffin Land Cruiser da yawa, akwai bawul a kan tiyon hita wanda kebul ke ja. A ƙasar da ake wata tara ba a taɓa hita ba, bawul ɗin yakan ƙame a rufe, ko kebul ya zame daga maƙalinsa. Sa wani ya motsa maɓalli a ciki, kai kuma kana kallon hannun bawul: yana kaiwa ƙarshe? A tsohuwar Land Rover Defender kuwa ruwa kullum yana bi ta ƙaramin lagireto, 'yar ƙofar iska ce ke zaɓar zafi ko sanyi.

Idan bawul lafiya yake, saura wanki. A cire tiyo biyun ta wajen inji, ba ta bakin hita ba, domin bututun bakin hita siraran ƙarfe ne masu saurin lanƙwashewa. A zura ruwa ta tiyon dawowa, wato a saɓa wa hanyar da ruwan ya saba bi, don dattin ya koma ta inda ya shigo. Za a ga jan ruwa kamar na kududdufi. A juya a zura ta ɗayan, a yi ta maimaitawa har ya fito garau. Ƙarfin famfon gida ya isa. Hanyar ruwan mota an yi ta ne don matsin da bai wuce kimanin bar 1 a ma'aunin matsi ba, kamar yadda ake rubutawa a murfin lagireto. Wanda ya sa injin wankin mota ko iskar mai faci zai fasa shi. Garin gyaran gira a rasa ido. Idan ɓawon ya yi tauri, a cika shi da ruwan kal ko maganin wankin lagireto na ɗan lokaci, a ɗauraye sosai. Kada a kusanto da sodar yin sabulu, tana cin alminiyam.

Alamun yoyo su ne wari mai zaƙi-zaƙi idan an kunna hita, da raɓa mai maiƙo a gilashi, da jiƙewar shimfiɗar ƙasa a motar da hitarta ke ƙarƙashin dashbod. Tsohon ƙaramin lagireto na jan ƙarfe da tagulla, mai gyaran lagireto yana iya buɗe shi ya tsokace ya like da dalma. Na alminiyam mai kan roba kuwa canji ya fi.

6. Fanka da ƙofofin iska

Tiyo biyu da zafi, ɗaki da sanyi: a koma wajen iska. A fara daga bakin da take shiga. A Defender bakin yana saman fenda, yana kallon sama, saboda haka ganye da ruwan sama da ƙurar hunturu duk nan suke faɗawa. Akwai 'yar roba ta magudana a ƙasansa. In ta toshe, fanka za ta riƙa wanka da ruwa. Motar da ta daɗe a ajiye kuma ɓera yakan yi sheƙa cikin akwatin hita. Fukafukan ƙaramin lagireto da ƙura ta like ba sa barin iska ta ratsa.

Fanka mai kasala, a duba fis, da mahaɗan waya da suka yi kore, da wayar da ke komawa jikin mota. Tsohuwar waya da tsohon maɓalli suna cinye wuta a hanya. Mai rewaya yana iya auna abin da ke isa fankar, in ya gaza na batir sosai ya sa mata rile da waya mai kauri. Idan babban gudu kaɗai ke aiki, razista ce ta ƙone. Fis da ya ƙone a musanya shi da mai lambarsa. Naɗa masa waya gayyatar gobara ce.

Sai ƙofofin cikin akwati. An lulluɓe gefensu da soso don su rufe ruf. Bayan shekara 30 soson ya zama gari, iska mai sanyi tana zagaye ƙaramin lagireto ta gauraya da mai zafi. Sabon soso mai jure zafi, da daidaita kebul har ƙofa ta kai ƙarshe, sukan canja hita fiye da yadda ake zato. A kuma bi bututun iska zuwa gilashi da ƙafa, a like duk inda ya yage ko ya zare.

7. Ɗakin da ba ya riƙe zafi

Ba a cika kwando da ruwa. Jikin Land Rover alminiyam ne marar rufi, zafi na fita ta cikinsa da sauri, mai rufin tamfol kuwa ba a magana. Robar ƙofofi ta bushe, ramukan waya da na feda a buɗe, murafan iska biyu da ke ƙarƙashin gilashin gaba sun daina kamawa. Da dare, ka sa wani ya haska tocila daga wajen inji kai kana ciki. Duk inda haske ya shigo, sanyi ma ta nan yake shigowa. A canja robobi, a toshe ramuka, a shimfiɗa roba mai kauri a ƙasa, a manna soso a cikin rufi. A doguwar jif, labule ko tamfol a bayan kujerun gaba yana rage ɗakin da hita za ta ɗumama, kuma ba ya cin komai.

8. Idan ana son ƙari

Bayan an gyara zango biyar ɗin, idan har yanzu zafin bai isa ba, sai a yi tunanin ƙari: ƙaramin lagireto mai yawan bututu, ko fanka mai ƙarfi, ko ƙarin hita ta ruwa da ake ɗaurawa ƙarƙashin kujera a ja mata tiyo.

Ƙaramar hitar lantarki da ake sokawa a ramin kunna taba ba ta da wani tasiri. Lissafi zai nuna dalili. Wat shi ne bolt sau amfiya. Mai wat 150 a batir mai bolt 12 tana jan amfiya 12.5, alhali hitar ruwa mai lafiya tana ba da wat dubbai. Ko wat 1,000 kawai ake so daga lantarki, sai an ja amfiya 83 da ɗoriya, abin da ya fi ƙarfin altanetar tsohuwar jif.

Mai kwana a mota a daji, abin da ya dace da shi hita ce mai ƙona dizal da kanta, irin ta kamfanonin Webasto da Eberspächer na Jamus. Mai wat 2,000 ba ta shan fiye da rubu'in lita a awa, kuma ba ta buƙatar inji ya tashi. Sharaɗinta shi ne hayaƙinta ya fita waje ta ƙarƙashin mota, nesa da inda take zuƙar iskar ɗaki. Gwani ne zai ɗaura ta.

A ƙasashen ƙanƙara direbobi sukan rufe gaban lagireto da mayafi. A wurinmu, inda sanyin asuba ke zama zafin rana kafin hantsi ya dubi ludayi, wanda ya manta da kwali a gaban lagireto zai dafa injinsa. Tamostat mai kyau ya wadatar.

9. Gargaɗi

- Kada a buɗe murfin lagireto inji da zafi. Matsin da ke ciki yana sa ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Da an buɗe zai yi tsiri ya sale fuska.
- A tattare hannun riga da jelar rawani kafin a sunkuya kan injin da ke aiki.
- Kada a shigar da kurfotin gawayi ko risho cikin mota a rufe gilashi. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Takan fara da ciwon kai da jiri da barci, mutum ya wuce a barcinsa.
- Iskar nan tana cikin hayaƙin salansa ma. Kafin a toshe kafofin ɗaki a tabbatar salansa ba ta yoyo. Kada a kwana cikin mota inji na aiki, kada kuma a yi tafiya ƙofar baya a buɗe, don tana janyo hayaƙi ciki.

Taƙaitawa

Hita aron zafin inji take yi, saboda haka shaida ce a kan lafiyarsa. Mai sanyi tana iya nufin an cire tamostat, ko ruwa ya ragu, ko tsatsa ta cika bututu, kuma duk waɗannan injin suke ci kafin su dami direba. Mai lafiya kuwa amfaninta bai tsaya ga hunturu ba. Da damina ita ke share raɓar gilashi. A hawan dutse da kaya, idan allura ta fara tashi, buɗe hita da fanka zuwa ƙarshe yana rage wa inji zafi har a samu wurin tsayawa. A riƙa kunna ta minti biyar kowane wata ko da bazara ce, don bawul kada ya ƙame. Gyaranta kuma a watan Oktoba ake yi, ba daren tafiya Gembu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi

1. Lissafa zango biyar da zafi ke bi daga inji zuwa ɗakin direba.
2. Tiyon hita ɗaya zafi, ɗaya sanyi. Kawo dalilai uku da za su iya jawo haka.
3. Wani direba ya ce tamostat na ƙasar sanyi ne. Wace amsa za ka ba shi?
4. Me ya sa ake zura ruwan wanki ta tiyon dawowa?
5. Idan hanyar ruwan mota tana cin lita 11, lita nawa na ruwan kanti za a saya don haɗin rabi da rabi?
6. Hitar lantarki mai wat 240 a batir mai bolt 12, amfiya nawa za ta ja?
7. Me ya sa garwashi a rufaffiyar mota ya fi sanyin dare haɗari?

Aikin yi

Ku kasu uku-uku, ku nemi izinin wani mai gareji ko mai jif a unguwarku. Tun inji da sanyi ku nemo tiyon hita biyu da gidan tamostat, ku zana su a littafi. Bayan an yi tuƙin minti 15 an kashe inji, ku taɓa tiyon, ku rubuta abin da hannunku ya ji da hukuncin da kuka yanke. Ku tambayi mai motar ko tamostat ɗinta yana nan, in babu, wa ya cire shi kuma don me. Ku kawo amsarsa aji mu tattauna a darasi na gaba.